Walimar kammala karatu a gidan abincin 'yan Jojiya: me za a ci, me za a bari?

Tambaya: Ɗana zai kammala karatun likita a Tbilisi, babban birnin ƙasar Jojiya, a watan Yuli. Mu takwas ne za mu je: ni, mahaifinsa, kakarsa, ƙannensa uku, baffansa da matarsa. Ya dage sai a gidan abincin 'yan ƙasar za a yi walimar, ba na Turkawa ba, kuma yana so ya gayyaci tsohuwar da ya yi shekara huɗu yana haya a gidanta, ita da mijinta. Ni kuma na ji an ce mutanen can ba sa raba abinci da giya da naman alade. Anya abin zai yiwu?

Hajiya, barka da arziki. Allah ya sanya albarka a karatun, ya sa al'umma ta amfana. Zai yiwu, kuma ni ina bayan ɗanki a wannan magana. Shekara shida na yi a Tbilisi, kuma tun ina aji uku, saboda na ɗan tsinci yaren, ni ake turawa in kama tebur idan iyayen ɗalibai sun zo yaye. Na ga walimar da ta yi armashi, na ga wadda aka tashi kowa na cin burodi da ruwa saboda tsoro. Abin da ya raba su ba kuɗi ba ne, shiri ne na kwana biyu ko uku kafin ranar.

Abin da kika ji gaskiya ne, amma abubuwa biyun ba nauyinsu ɗaya ba. Giya a fili take, a kwalba ko a tulu, sai an ce a kawo ake kawowa. Alade shi ne mai ɓuya, kuma yana ɓuya ne a cikin abincin da ya fi suna, wanda duk baƙo ke nuna hotonsa ya ce a ba shi. Saboda haka a nan za ki sa ido.

Su walima a bakinsu supra ce. Asalin kalmar shimfiɗar da ake ɗora abinci a kai, 'yar'uwar sufra ta Larabawa da Farisawa. Tsarinta zai yi miki kama da na gida fiye da na Turawan yamma: ba a kawo wa kowa farantinsa daban, komai a tsakiya ake ajiyewa kowa ya miƙa hannu. Ba sa jiran a gama wani kafin a kawo wani, sai ki ga an ɗora faranti a kan gefen faranti har tebur ya rasa masaka tsinke. A wajensu tebur ya nuna fili abin kunya ne. Don haka kada kowa ya ɗauki takardar abinci ya zaɓi nasa. Mutum ɗaya ya yi odar kowa, kuma ɗanki ne ya dace.

Rabin teburin da ake fara shimfiɗawa babu abin tsoro a cikinsa, kuma a ganina nan ne gwanintar girkinsu take. Akwai wata gyaɗa ta bishiya mai ɓawo mai tauri, cikinta kamar ƙwaƙwalwa, suna kiranta nigozi. Yadda gyaɗa da ƙuli suke a girkinmu, haka take a nasu. Ana niƙa ta da tafarnuwa da kayan ƙamshi a cusa a yankakken yalo baƙi da aka soya, a yayyafa 'ya'yan rumman a kai, wannan shi ne badrijani nigvzit. Ana kwaɓa ta da dafaffen alayyahu a mulmula, sunansa pkhali. Duk wanda ya taɓa cin kwaɗon zogale zai gane danginsa daga lomar farko. Sai haɗin tumatir da kokwamba, wanda a watan Yuli za ki same shi a ganiyarsa, ki ce a zuba masa man Kakheti, man 'ya'yan furen rana ne da ba a tace ba, mai ƙamshin suya. Akwai ajapsandali, dahuwar yalo da tattasai da tumatir. Akwai jonjoli, wani fure da ake jiƙawa a gishiri, wanda ba kowa ke so ba, amma a kawo ɗan kaɗan don a ce an gani. Burodinsu shotis puri ne, dogo mai siffar kwalekwale, ana manna shi a jikin tanderun da suke kira tone, daidai yadda matan Kano ke manna gurasa.

Ga wata kalma da za ta yi miki aiki fiye da kowace: samarkhvo. Yawancin 'yan ƙasar Kiristocin Otodoks ne, kuma masu riƙo da addini a cikinsu suna ƙaurace wa nama da ƙwai da madara ranakun Laraba da Juma'a da lokutan manyan azuminsu. Shi ya sa gidajen abinci da yawa ke da shafi guda na abincin azumi. Duk abin da ke wannan shafi babu nama babu kitse. Idan kika yi shakkar wani abu, tambayar ita ce: samarkhvo ne?

Tambaya ɗaya da wasu iyaye ke yi mini ita ce ta ruwan tsamin inabi, wanda Larabawa ke kira khal, domin ana ɗiga shi a pkhali da miyar nigozi. Abin da malamai da yawa suka tafi a kai shi ne giyar da ta riga ta juye ta zama khal ta tsarkaka. Idan mai gida yana da wani ra'ayi, ya tambayi malaminsa tun daga gida, kada a tsaya ana muhawara ma'aikaci na tsaye da takarda a hannu.

Sai khachapuri, burodi da cuku, wanda 'yan ƙasar ke ji da shi har wata cibiyar nazarin tattalin arziki a Tbilisi take auna tsadar rayuwa da kuɗin da ake kashewa wajen yin guda ɗaya. Iri uku za ki gani a ko'ina. Imeruli zagayayye ne, cukun na ciki. Megruli shi ma haka, sai dai an ƙara cuku a sama, ya fi gishiri da nauyi. Acharuli shi ne mai siffar jirgin ruwa da ƙwai da man shanu a tsakiya. Ana gauraya su da zafinsa, a riƙa yago gefen burodin ana dangwala. Yara za su yi rububinsa, amma na mutum ɗaya ne ko biyu, kuma da ya huce ya tashi aiki. Ga mutum goma sha ɗaya, imeruli biyu manya, megruli ɗaya, acharuli biyu na yara, ya isa har ya yi saura. Kuskuren da kowa ke yi shi ne cika ciki da khachapuri kafin nama ya iso.

Yanzu wurin sa ido. Khinkali shi ne na farko. Kwaɓaɓɓen fulawa ne da aka ƙulle nama da romo a ciki kamar ƙullin goron tsohuwa, aka dafa a ruwa. A tsaunukan da ya fito, irin su Pshavi da Khevsureti, da naman tumaki ko na shanu aka san shi, amma a Tbilisi wanda za a kawo miki idan ba ki ce komai ba, ana kiransa kalakuri, gaurayen naman shanu ne da na alade. Takardar abinci sau da yawa "da nama" kawai take cewa. Ki tambayi ma'aikaci ko na shanu ne, zai iya cewa e, kuma bai yi ƙarya ba, akwai shanun a ciki. Tambayar da ta dace ita ce ko akwai ghori, wato alade. Ɗanki ya ce ghoris khortsis gareshe, ba tare da naman alade ba, ya kuma nemi a leƙa kicin a tabbatar. Wasu wurare na yin na shanu zalla ko na rago, kuma kusan ko'ina akwai na dankali, na cuku, da na lemar kwaɗi irin wadda ake ci. Sai dai a tukunya guda ake yawan dafa su duka. Wanda wannan ya dame shi ya nemi gidan da ba a shigar da alade kwata-kwata.

Cin sa ma da ƙa'ida. Da hannu ake ci, a kama ƙullin, a juya shi sama, a ɗan gatsa gefe, a zuƙe romon, sannan a ci sauran. Ƙullin ba a ci, a gefen faranti ake barinsa, da shi ake ƙirga wanda ya fi ci. Wanda ya soka masa cokali mai yatsu romon ya tsiyaye, tsohon nan da kuka gayyata zai kalle shi kamar ya zubar da mai a ƙasa. Barkono baƙi kawai ake barbaɗawa. Farashin da ke rubuce na guda ɗaya ne, kuma galibi ba sa karɓar odar ƙasa da biyar na kowane iri. Tunda akwai sauran abinci, uku-uku ga manya ya wadatar.

Na biyu, ojakhuri. Wannan ya taɓa kama ni. A shekarata ta farko na ga an fassara shi da "abincin iyali", domin ojakhi iyali ne a yarensu, na ce to ai ga abin da ya dace da mu. Allah ya taimaka abokina ya tambaya kafin mu sa hannu: soyayyen dankali ne da naman alade. Ana yin na maraƙi ko na kaza, amma sai an faɗa. Na uku, mtsvadi, tsirensu da ake gasawa a garwashin itacen inabi; idan ba a ambaci dabba ba, alade ne. Kupati, wanda ake ɗura niƙaƙƙen nama a hanji, ki bar shi gaba ɗaya. Kubdari, burodin mutanen Svaneti mai nama a ciki, wani na shanu ne wani gauraye. Har wake bai tsira ba: lobio, dafaffen jan wake da ake kawowa a 'yar tukunyar ƙasa, da lobiani, burodi mai wake a ciki, dukansu lafiya lau ne sai idan an yi su irin na yankin Racha, wanda ake sa lori, busasshen naman alade mai hayaƙi. Duk inda kika ga rachuli ko lori, ki tsallake.

Akwai kuma guda ɗaya da babu alade amma akwai giya: chakapuli, naman rago ko maraƙi da wani ganye mai ƙamshi da suke kira tarkhuna da ɗanyun 'ya'yan tkemali masu tsami kamar tsada. Da farar giya ake dafa shi. Na faɗa ne don ma'aikaci zai iya ba ku shawararsa da zuciya ɗaya da zarar ya ji ba ku cin alade.

Abin da ya rage na nama ba kaɗan ba ne. Shkmeruli kaza ce da aka soya aka nutsar a miyar tafarnuwa da madara, ana kawo ta tana tafasa a kasko, kuma ban taɓa ganin teburin Hausawa da ta kwana ba. Chakhokhbili kaza ce a miyar tumatir, ita ta fi kusa da miyar dage-dage, sai dai a tambaya don wasu masu girki na ɗiga giya. Ostri da chashushuli naman shanu ne ko maraƙi a jar miya mai ɗan yaji. Kalmomin da ɗanki zai riƙe: khbo maraƙi, batkani ɗan rago, katami kaza, tevzi kifi.

Saura maganar yanka, wadda ita ce ainihin abin da zai raba ra'ayin mai gida da baffa, na sani. Akwai masu ɗaukar naman a matsayin abincin Ahlul Kitabi bisa ayar Suratul Ma'ida, akwai masu cewa mayankar zamani ba ta cika sharaɗi ba. Ba ni ne zan raba wannan gardama ba. Abin da zan ce shi ne akwai mafita ga kowa. Kusan kashi goma cikin ɗari na mutanen ƙasar Musulmi ne, 'yan Adjara na wajen Batumi da Azarawan kudu, masu yaren Azarbaijan, irin na Marneuli, ga baƙi daga Turkiyya da ƙasashen Larabawa, don haka naman halal ba wahalar samu yake yi a Tbilisi ba. Akwai gidajen da ke dafa abincin Jojiya da naman halal, musamman wajen titin Aghmashenebeli da tsohon gari, kuma ɗalibai Musulmi sun san waɗanda ake yarda da su a wannan shekarar, domin irin waɗannan wurare suna buɗewa suna rufewa. Idan kuma gidan da ɗanki ke so ba ya cikinsu, a yi teburin da kayan lambu, khachapuri, wake da kifi. Kalmakhi, kifin ruwan tsauni, ana soya shi ko a gasa a kawo da miyar rumman. Na taɓa shirya walimar mutum goma sha huɗu a haka, babu wanda ya lura babu nama sai da aka tashi. Abu ɗaya: a ce a soya kifin a kasko, kada a ɗora shi a kan ragar da ake gasa mtsvadi.

Kaka fa? Ki nema mata ghomi. Tuwon masara ne, ba kama ba, shi ne, abincin mutanen Samegrelo da ke yamma. Su suna cusa masa yankan cukun sulguni, amma za a iya kawo shi haka a haɗa mata da kharcho irin na Samegrelo, naman shanu a miyar nigozi mai kauri, kamar tana cin tuwo da miyar gyaɗa. Akwai chikhirtma, romon kaza mai ƙwai da ɗan tsami, da matsoni, wanda kindirmo ne. Idan tana da hawan jini a rage mata cuku, gishirinsa da yawa, kuma kada a ba ta Borjomi a matsayin ruwan sha. Ruwan ma'adinai ne mai gas da ɗanɗanon kanwa. Ki ce a kawo ruwa marar gas. Idan a yaran akwai wanda gyaɗa ko danginta ke tayar wa da ƙaiƙayi ko kumburi, a faɗa tun farko, don nigozi na cikin rabin abin da na lissafa. Yaji kuwa, ajika ce tasu, niƙaƙƙen barkono da tafarnuwa da gishiri. Tana da daɗi amma ba za ta kai inda baffa yake so ba. Ki sa ƙullin yajinki a jaka, ba wanda zai hana.

To, giya da baƙinku. Sai kin gane matsayinta a wajensu kafin ki san yadda za ki ƙi ta ba tare da kin ɓata wa kowa ba. Suna alfahari cewa a ƙasarsu aka samu shaidar yin giyar inabi ta kusan shekara 8,000, kuma a 2013 UNESCO ta sa salonsu na yin ta a cikin qvevri, manyan randunan da ake binnewa a ƙasa, cikin al'adun da duniya ke karewa. Amma abin da na fahimta bayan zama a supra da yawa shi ne ba giyar ce ginshiƙi ba, magana ce. Kowace supra tana da tamada, shugaban tebur. Shi ke miƙewa ya yi jawabi a kan abu guda, kowa ya saurara, a ce gaumarjos, wato nasara ta tabbata, sannan a kurɓa. Ba a sha kafin ya gama, ba a katse shi. Idan yana so wani ya ɗora a kan maganarsa sai ya ce alaverdi ya miƙa masa. Jawaban suna da jeri, ko da yake kowane yanki da nasa: a gode wa Allah, a roƙi zaman lafiya, a ambaci dalilin taron, iyaye, waɗanda suka rasu, sannan nan take yara da masu tasowa, don ba a barin tebur a kan mutuwa, sai mata, sai baƙi, sai ƙasa.

Ki sake duba jerin nan, Hajiya. Ba abin da muke yi a walima ba ne idan aka ce wani dattijo ya yi addu'a? Shawarata ita ce kada ku yar da tsarin, ku karɓe shi. Ku ne masu gayya, don haka ku ke naɗa tamada. A naɗa mai gida ko baffa, wanda ya fi iya baki, ɗanki ya yi tafinta. A cika kofuna da lemonsu, wanda shi ma abin alfaharinsu ne: wani mai suna Mitrofan Lagidze ya fara haɗa irin nasa a Kutaisi tun 1887, kuma har yau ana sayar da ruwan Lagidze a Tbilisi. Akwai kore shar na tarkhuna, akwai na fiya, akwai kompoti na dafaffun 'ya'yan itace. Idan aka zo kan baƙi, mai gida ya miƙe ya gode wa tsohuwar nan da ta riƙe masa ɗa shekara huɗu a ƙasar da ba shi da kowa. Na ga an yi haka sau biyu, duka biyun sai da matar ta share hawaye. Sannan a ba mijinta alaverdi. Ku shirya, zai yi magana mai tsawo, zai yabi ɗanki har ki fara tunanin ko wani yaron yake nufi.

Amma ɗanki ya gaya musu tun ranar gayyata cewa teburin babu giya, don al'adarsu ce baƙo ya zo da ta gida a jarka, wani lokaci har da chacha, mai ƙarfin da ake tatsa daga tukar inabi. Idan tsoho ya ɗauko ta tun daga ƙauyensu aka ce ya mayar, an ci masa fuska. Idan ya sani tun farko ba zai ji komai ba; sun zauna da ɗanki shekara huɗu, sun san ba ya sha. Wanda aka miƙa wa kofi daga wani tebur, don hakan na faruwa idan suka ga ana biki, ya dafa ƙirji ya ce madloba, ar vsvam: na gode, ba na sha. Saboda hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, da kuma sakewar mata, ku nemi kupe, ɗakin keɓe da manyan gidajen abinci ke da shi. Yana kuma raba ku da kiɗa, wanda a wasu wuraren da dare ya yi ba ka jin na kusa da kai. Idan dai akwai mazan nan uku ko huɗu masu waƙar gargajiya da murya daban-daban ba tare da kayan kiɗa ba, a buɗe ƙofa a saurara. Hayaƙin taba ba zai dame ku a ciki ba, an hana shan ta a rufaffun wurare tun 2018, sai dai a farfajiya.

Lokaci: a watan Yuli rana ba ta faɗuwa a Tbilisi sai wajen takwas da rabi, kuma supra ba ta ƙasa da awa uku. Ku zauna wajen ƙarfe biyar, bayan la'asar, ku tashi daf da magariba, kun kuma tsere wa cunkoso da kiɗan dare. Idan a tsohon gari kuke, Masallacin Juma'a na jan bulo yana nan sama da unguwar wankan ruwan zafi ta Abanotubani, ƙarƙashin ganuwar Narikala, inda 'yan Sunna da 'yan Shi'a ke salla a masallaci guda. Hawan akwai tudu da duwatsu, a kira wa kaka mota ta Bolt.

Kuɗinsu lari ne, kuma kusan ko'ina ana karɓar kati. Ki duba ƙasan takardar abinci: yawancin wurare suna ƙara kuɗin hidima, galibi kashi goma zuwa sha biyar, wasu kuma farashinsu bai haɗa da harajin kashi 18 ba. A tambaya ranar kama tebur. Mai gida ya zame ya biya kafin a gama, in ba haka ba tsohon zai tashi ya yi kokawar biya da gaske, don a ganinsa duk wanda ya taka ƙasarsa baƙonsa ne. Abin da ya rage a ce a ƙulle muku, ba abin kunya ba ne, kuma ɗalibai na jira a masauki.

Idan za ku kai wa tsohuwar furanni, su zama mara: uku, biyar, bakwai. Masu cika biyu-biyu na makabarta ne. Ki haɗa mata da turmin atamfa ko turaren wuta. A kira ta da kalbatono kafin sunanta, mijin kuma batono. Kuma kada ki juya idan kika ji suna ta cewa mama suna nuna mai gida. A yarensu mama uba ne. Ke ce deda.